Wanda Ya Sauke Littafi Ɓarawo Ne? Tarihin Yadda Aka Bambanta Satar Littafi da Satar Waƙa, Fim da Manhaja

Gabatarwa

A farkon watan Nuwamba na shekarar 2022, ɗalibai masu ɗimbin yawa a sassan duniya suka buɗe shafin Z-Library kamar yadda suka saba, sai suka tarar da sanarwar hukumomin shari'a na Amurka a gurbin littattafai. An ƙwace adireshin shafin, an kuma kama wasu Rashawa biyu a ƙasar Ajantina bisa zargin su ne ke tafiyar da shi. Kafafen sada zumunta suka cika da alhini kamar an yi rashi, har wasu na kwatanta lamarin da ƙonewar ɗakin karatun Iskandariya. Mutanen da ba za su taɓa fitowa su kare mai tallar faifan fim na jabu ba, sun fito sun ce an zalunci masu neman ilimi. Shekaru goma kafin nan, a watan Janairun 2012, hukumomin sun rufe Megaupload, wata babbar ma'ajiya da ta yi suna wajen fina-finai da waƙoƙin da aka ɗora ba da izini ba. An yi fushi, an yi surutu, amma ba a yi irin wancan makoki ba.

A idon doka laifin guda ne: kwafar aikin wani ba da yardarsa ba. A zukatan jama'a kuwa sikelin ya bambanta. Mai sauke waƙa yakan yi shiru da abinsa, mai amfani da manhajar sata yakan ce kamfanin ai ba zai ji a jikinsa ba, shi kuwa mai sauke littafi sau da yawa yana ganin aikin lada ya yi idan ya tura wa abokansa. Ruwa ba ya tsami banza. Wannan darasi zai bi sawun tarihi domin gano inda bambancin ya samo asali, da kuma wanda ke ɗaukar nauyinsa.

Zamanin alƙalami da tawada

Kafin zuwan injin ɗab'i, littafi ba ya rayuwa sai an kwafe shi. Duk marubucin da ba a kwafi littafinsa ba, to littafin nan gara ce za ta gaje shi. Saboda haka kwafa girmamawa ce ga marubuci. A makarantun zaure na ƙasar Hausa, da Agadas, da Tambutu, ɗalibi kan ari littafi wurin malaminsa ya zauna ya juye shi da hannu, idan ya gama ya rufe da godiya ga Allah, ya roƙi mai karatu ya yi addu'a ga marubucin da mai kwafar da iyayensu. Akwai kuma masu kwafa da suka ɗauki aikin sana'a. Matafiyin nan Hasan al-Wazzan, wanda Turawa ke kira Leo Africanus, ya ba da labarin cewa a Tambutu ta farkon ƙarni na 16 ribar littattafai ta fi ta sauran hajoji. Kuɗin kuwa na takarda ne da wahalar mai kwafa da ta fatake. Marubucin ba ya jiran kaso.

Wannan ba ya nufin magabata ba su san satar ilimi ba. Sun san ta, sai dai a wurinsu ɓarawo shi ne wanda ya ɗauki aikin wani ya liƙa sunansa. Malamin Masar Jalaluddin as-Suyuɗi, wanda ya rasu a 1505, kuma ya taɓa aika wa sarakunan Katsina da Agadas wasiƙar nasiha, ya rubuta ɗan littafi sukutum a kan bambance mawallafi da ɓarawo, saboda wani da ya wawushe masa ayyuka bai ambace shi ba. Abin kiyayewa shi ne suna da ingancin nassi. Yaɗa nassin kuwa alheri ne, ɓoye shi abin zargi, har akwai hadisi mai tsoratarwa a kan wanda aka tambaye shi ilimi ya ɓoye. Waƙa da wasa ba su taɓa samun wannan alfarma ba. Wannan ne tushe na farko na bambancin da muke magana a kai.

Injin ɗab'i da haihuwar ɗan fashin littafi

Da injin ɗab'i ya bazu a Turai daga tsakiyar ƙarni na 15, sai lissafi ya sauya. Mai maɗaba'a zai zuba jari ya gyara littafi ya buga, wani ya sayi kwafi ɗaya ya sake bugawa da araha, ya kwashe kasuwar. A Ingila ƙungiyar masu ɗab'i ta birnin Landan ta sami izinin sarauta a 1557, wanda ya ba mambobinta ikon keɓe littattafai ga kansu. A cikin wannan rigima ce, a ƙarni na 17, aka fara kiran masu sake bugu ba izini da sunan ƴan fashin teku. Ashe kalmar da ake jifan masu satar fim da ita a yau, a kan littafi aka fara ɗora ta.

A 1710 majalisar Biritaniya ta kafa dokar da ake kira Dokar Sarauniya Anne, wadda masana ke ɗauka a matsayin dokar haƙƙin mallaka ta farko irin ta zamani. Ta ba marubuci ikon littafinsa na shekara 14, da damar ƙarin wasu 14 idan yana raye. Abin lura shi ne taken dokar ya bayyana cewa an yi ta ne domin ƙarfafa ilimi. Tun ran gini tun ran zane: haƙƙin marubuci da buƙatar mai karatu a tare aka haife su, kuma kowane ɓangare yana da hujjar da zai kafa da wannan take.

Darasi mafi ban mamaki yana tarihin Amurka. Dokarta ta 1790 ta kare marubutan cikin gida kaɗai, ta bar ƙofa a buɗe ga duk mai son sake buga littattafan ƙasashen waje. Maɗaba'un Amurka suka yi ta buga littattafan Ingila ba su biyan ko anini. Da Charles Dickens ya ziyarci ƙasar a 1842 ya koka a kan haka, jaridu suka yi masa ca, suka zarge shi da kwaɗayi. Hujjarsu ita ce sabuwar ƙasa tana buƙatar littattafai masu araha domin jama'arta su waye. Ƙasashen Turai sun ƙulla yarjejeniyar Berne a 1886, amma Amurka ba ta fara kare marubutan waje ba sai 1891, ba ta kuma shiga yarjejeniyar ba sai 1989. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hangi na wani. Hujjar da ɗalibin Yamai ko Garwa ke kafawa a yau, ita ce wadda mawallafan Amurka suka kafa kusan ƙarni guda.

Ɗakin karatu da al'adar aro

Tushe na biyu shi ne ɗakin karatu na jama'a. Biritaniya ta yi dokar kafa irin waɗannan ɗakuna a 1850, attajirin nan Andrew Carnegie kuma ya ba da kuɗin gina kimanin 2,500 tsakanin 1883 da 1929. A 1908 Kotun Ƙolin Amurka ta yanke cewa idan an sayar da kwafin littafi, mai haƙƙin ba shi da ikon gindaya yadda za a sake sayar da shi. Ta haka tsararraki suka tashi da sanin cewa karanta littafi ba tare da biya ba halal ne, har gwamnati ce ke shirya shi, malamai na kwaɗaitarwa a kai. Ba a taɓa gina wa yara gidajen silima na kyauta a kowace unguwa an ce shiga cikinsu tarbiyya ce ba. Wasu ƙasashe, da Denmak a kan gaba a 1946, sun nemi daidaita lamarin ta hanyar biyan marubuta wani abu saboda littattafansu da ke ɗakunan aro. Sai dai mai karatu ba ya ganin wannan biya. Abin da ya sani shi ne ya ara, ya karanta, ya mayar.

Daga baya na'urar fotokofi, wadda ta yaɗu bayan fitowar samfurin Xerox 914 a 1959, ta shiga jami'o'i. A ƙasashe masu ƙarancin littattafai ta zama ƙashin bayan karatu. Malami da kansa zai ajiye littafinsa a shagon fotokofi ya ce kowa ya je ya ɗauki babi kaza. Wanda ya yi digiri da tarin takardun fotokofi, da wuya ya ji wani nauyi a zuciya ranar da aka turo masa littafin a waya.

Manhaja: wasiƙar 1976

Tarihin satar manhaja yana da ranar farawa sananniya. A watan Fabrairun 1976 wani saurayi mai shekara 20, Bill Gates, ya rubuta buɗaɗɗiyar wasiƙa ga masu sha'awar kwamfuta, yana kukan cewa ƙasa da ɗaya cikin goma na masu na'urar Altair ne suka biya kuɗin manhajar BASIC da kamfaninsa ya rubuta, ya kuma kira abin da suke yi sata. Da yawansu suka ji haushi, domin a al'adarsu musayar manhaja taimakon juna ne. Daga wannan saɓani hanya ta rabu biyu. Ɗaya ta kai ga kamfanoni masu lasisi da lambobin sirri da masu binciken ofisoshi. Ɗayar ta kai ga Richard Stallman, wanda ya ƙaddamar da shirin GNU a 1983, da Linux da ta ɓulla a 1991, wato manhajojin da aka halatta wa kowa ya kwafa ya gyara.

Jama'a sun ɗauki satar manhaja da sauƙi saboda dalilai biyu: tsadar kayan da girman masu su. Su kansu kamfanonin sun san akwai ribar da ke ɓoye a ciki. A 1998 Bill Gates ya faɗa wa ɗaliban wata jami'a, yana magana a kan ƙasar Sin, cewa idan dai satar za a yi, gara a saci tasu, mutane su saba da ita, daga baya a san yadda za a karɓi kuɗi. Shi ya sa ƙarar satar manhaja ta fi faɗawa kan kamfanoni da ƴan kasuwa, ba ɗalibi a ɗakinsa ba.

Waƙa da fim: yaƙin da aka yi a bainar jama'a

Masana'antun waƙa da fim su suka fi kowa ɗaga murya, su ne kuma suka koya wa duniya kallon kwafa a matsayin sata. Kamfanin Philips ya fito da kaset a 1963. A 1981 masu faifai a Biritaniya suka shiga yekuwar cewa naɗar waƙa a gida na kashe waƙa. A 1982 shugaban ƙungiyar kamfanonin fim na Amurka, Jack Valenti, ya tsaya gaban majalisa ya kwatanta na'urar bidiyo da wani shahararren makashin mata na birnin Boston. Kotun Ƙoli ba ta bi shi ba: a 1984, da rinjayen alƙalai 5 a kan 4, ta wanke kamfanin Sony, ta ce naɗar shiri domin a kalla daga baya ba laifi ba ne. Ba a jima ba kasuwar bidiyon gida ta zama babbar hanyar samun kuɗin kamfanonin da suka yi ƙarar.

Intanet ta zo da abin da ya fi kaset. Napster ta buɗe a 1999, ta ba miliyoyin mutane damar musayar waƙoƙi kyauta, kafin shari'a ta durƙusar da ita a watan Yulin 2001. Cinikin waƙoƙin da aka naɗa a Amurka, wanda ya kai dalar Amurka biliyan 14.6 a 1999, ya ragu da kusan rabi cikin shekara 15. A watan Satumbar 2003 ƙungiyar kamfanonin faifai ta fara kai ɗaiɗaikun mutane ƙara, ta soma da 261, cikinsu har da yarinya ƴar shekara 12. Kafin ta daina a ƙarshen 2008 ta bi ta kan dubban mutane. Wata mata a jihar Minnesota an ɗora mata diyyar dalar Amurka 222,000 a kan waƙoƙi 24. Masu fim kuma suka cika faya-fayai da tallan 2004 mai tunatar da mai kallo cewa tunda ba zai saci mota ba, kada ya sauke fim.

Tsananin ya haifar da akasin abin da aka nufa. Matasa suka mai da tallan abin dariya, suka ɗauki kamfanonin a matsayin azzalumai. A Suwidin, bayan kotu ta yanke wa mutane huɗu masu alaƙa da shafin The Pirate Bay ɗaurin shekara ɗaya a watan Afrilun 2009, jam'iyyar da ke kiran kanta ta ƴan fashi ta sami sama da kashi 7 cikin ɗari a zaɓen majalisar Turai na watan Yuni. Abin da ya rage satar a ƙarshe shi ne sauƙi: kantin iTunes a 2003 mai sayar da waƙa ɗaya a kan santi 99, Steam ta wasannin kwamfuta a shekarar, kallon Netflix ta intanet daga 2007, da Spotify a 2008. Da hanyar halal ta zo kusa kuma da araha, sai uzurin mai sata ya raunana, mutane suka fara ganin wanda ya nace a kai a matsayin marowaci.

Littafin lantarki ya iso

Littafin lantarki ya girmi MP3. A ranar 4 ga Yulin 1971 Michael Hart ya shigar da takardar shelar ƴancin Amurka cikin kwamfuta, ya kafa abin da ya zama Project Gutenberg, mai raba littattafan da wa'adin haƙƙinsu ya ƙare. Wato da kyauta aka fara sanin littafin lantarki, tun kafin a san shi da farashi.

A watan Maris na 2000 Stephen King ya fitar da wani gajeren labari ta intanet kaɗai. An nemi kwafi kusan 400,000 a rana ɗaya, aka kuma fasa makullinsa cikin ƴan kwanaki. A shekarar ya gwada wani abu: ya riƙa sakin wani labari babi-babi bisa amana, kowa ya sauke ya biya dala ɗaya, da sharaɗin zai ci gaba idan uku cikin huɗu sun biya. Da farko an cika sharaɗin, daga baya masu biya suka koma ƙasa da rabi, labarin ya tsaya bai ƙare ba.

Mawallafa sun ga abin da ya sami masu waƙa, sai suka sa wa littattafai kwaɗon fasaha. Wannan kwaɗo ya jawo musu baƙin jini. A watan Yulin 2001 aka kama wani masanin kwamfuta ɗan Rasha, Dmitry Sklyarov, a Las Vegas saboda manhajar da ke buɗe littattafan Adobe. An yi zanga-zanga, kotu kuma ta wanke kamfaninsa a 2002. Amazon ta fito da Kindle a 2007, sai a watan Yulin 2009 ta shiga na'urorin mutane daga nesa ta goge wasu littattafan George Orwell da suka saya, saboda wanda ya ɗora su ba shi da izini. Ta mayar da kuɗi, amma darasin ya zauna: littafin da ka saya ba naka ba ne, ba ka iya ara wa maƙwabci, ba ka iya sayarwa, ba ka iya bar wa ɗanka gado. A 2011 wani babban kamfanin ɗab'i, HarperCollins, ya ƙayyade cewa ɗakin karatu zai ara da littafin lantarki sau 26 kaɗai, sannan ya sake saye. Mai karatu ya ga an ƙwace masa haƙƙoƙin da ya gada tun zamanin takarda, sai ya ɗauki kwafin sata a matsayin ramuwa.

Ɗakunan karatu na ɓoye

A nan ne tarihin littafi ya rabu da na waƙa baki ɗaya. Manyan shafukan satar littafi sun fito daga cikin masana. Library Genesis ta ɓulla wajen 2008 a tsakanin masu ilimi na Rasha, ƙasar da ta daɗe da al'adar kwafar haramtattun littattafai a ɓoye tun zamanin Tarayyar Sobiyat. A 2011 wata ɗaliba ƴar Kazakistan, Alexandra Elbakyan, ta kafa Sci-Hub, saboda maƙala ɗaya takan ci kusan dalar Amurka 30, ita kuwa tana buƙatar ɗaruruwa. Kamfanin Elsevier ya yi ƙara, kotu a New York ta yanke diyyar dalar Amurka miliyan 15 a 2017, shafin bai tsaya ba. Mujallar Science ta nuna a 2016 cewa cikin wata 6 an nemi maƙalu miliyan 28 a shafin, kuma masu nema ba a Iran da Sin da Indiya kaɗai suke ba, har da biranen jami'o'in Amurka da Turai.

Dalilin tausayin da masana ke yi wa waɗannan shafuka a fili yake. Mai bincike ya rubuta maƙala ba a biya shi ba, takwarorinsa sun tace ta ba a biya su ba, sau da yawa kuɗin jama'a ne ya ɗauki nauyin binciken, sannan jami'arsa ta sayi mujallar da tsada. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Ko ɗakin karatun jami'ar Harvard ya koka a 2012 cewa farashin mujallu ya fi ƙarfinsa. Mutuwar Aaron Swartz a watan Janairun 2013, yana ɗan shekara 26, lokacin da yake fuskantar tuhuma mai tsanani saboda sauke miliyoyin maƙalu daga ma'ajiyar JSTOR, ta ba wannan fafutuka wanda take tunawa da shi.

Kotuna ma ba su yi magana da baki ɗaya ba. A Indiya, manyan maɗaba'un Oxford da Cambridge da wani kamfanin sun kai ƙarar wani shagon fotokofi na jami'ar Delhi a 2012. A 2016 alƙali ya kori ƙarar bisa hujjar cewa doka ta halatta kwafa domin koyarwa, su kuma suka janye a 2017. A Amurka kuwa, Internet Archive, wadda ta cire iyakar aro a kan littattafan da ta ɗauki hotonsu lokacin annobar korona a 2020, ta sha kaye a kotu a 2023, ta sake shan kaye a ɗaukaka ƙara a 2024.

Wa ke ɗaukar asarar?

Kuskuren da aka fi yi shi ne ɗaukar uzurin maƙalar kimiyya a lulluɓa wa kowane littafi. Marubucin ƙagaggen labari ba shi da albashin jami'a. Mawaƙi idan an saci waƙarsa zai iya cika fili da ƴan kallo, fim yana da silima da talabijin, kamfanin manhaja yana da kwangilolin ofisoshi. Marubuci kuwa littafin ne gonarsa. Wani binciken da ƙungiyar karɓar haƙƙin marubuta ta Biritaniya ta fitar a 2022 ya nuna matsakaicin abin da ƙwararren marubuci ke samu daga rubutu a shekara fam 7,000 ne, abin da bai kai mafi ƙarancin albashin ƙasar ba.

Shaidu a kan girman asarar sun saɓa. Paulo Coelho na Barazil ya ce kwafin sata na fassarar Rashanci ne ya buɗe masa kasuwar Rasha, har ya koma yana nuna wa mutane inda za su sami littattafansa kyauta. Wani binciken da hukumar Tarayyar Turai ta sa aka yi, wanda bai fito fili ba sai 2017, bai sami ƙwaƙƙwarar hujjar cewa sata na rage ciniki gaba ɗaya ba, in ban da sababbin manyan fina-finai. A ɗaya gefen, marubuciya Maggie Stiefvater ta Amurka ta ba da labari a 2017 cewa bayan cinikin littafi na uku a jerin labarinta ya faɗi, mawallafinta ya rage yawan bugun na huɗu. Sai ita da ɗan'uwanta suka cika shafukan sata da kwafin bogi mai maimaita babi huɗu na farko. Masu neman na banza suka rasa, da yawansu suka saya, bugun farko ya ƙare cikin ƴan kwanaki. Abin da za a fahimta shi ne sata na iya zama talla ga wanda sunansa ya riga ya cika duniya, ta kuma zama ajalin marubucin da ke tsaka-tsaki, wanda cinikin littafi ɗaya ke yanke hukuncin ko za a buga na gaba.

Shekarun nan sun ƙara wani babi. Da ta bayyana cewa wasu kamfanonin ƙirƙirarriyar basira sun kwaso littattafai daga waɗannan shafuka domin horar da na'urorinsu, mutane da dama da ke kare ɗalibi mai saukewa suka juya suna neman a biya marubuta. A watan Satumbar 2025 kamfanin Anthropic ya amince da biyan dalar Amurka biliyan 1.5 domin sasanta ƙarar da marubuta suka shigar. Littattafan su ne dai, shafukan su ne dai. Wanda ya miƙa hannu ne ya sauya, hukuncin jama'a ya sauya tare da shi.

Yadda abin yake a ƙasashenmu

A yankinmu doka ba ta yi ƙaranci ba. Nijar da Kamaru da Chadi suna cikin ƙungiyar OAPI mai hedikwata a Yawunde, wadda yarjejeniyar Bangi ta 1977 ta kafa, kuma yarjejeniyar ta ƙunshi haƙƙin adabi da fasaha. Ta fuskar addini, Majalisar Fiƙihu ta Ƙasashen Musulmi, a zamanta na Kuwaiti a watan Disambar 1988, ta yanke cewa haƙƙin wallafa da ƙirƙira haƙƙi ne da shari'a ta kiyaye, bai halatta a keta shi ba. Amma al'adar kasuwa ta bi nata tafarki.

Waƙa a nan ta daɗe tana tafiya hannu da hannu. Mdou Moctar na Nijar ya naɗi kundinsa na farko a Sakkwato a 2008. Waƙoƙin suka bazu a Sahara ta Bluetooth da katin memori, har ɗaya ta shiga wani kundin da kamfanin Sahel Sounds ya fitar na waƙoƙin da aka tattaro daga wayoyin salula, daga nan duniya ta san shi. Ga mawaƙin da abincinsa ke wurin biki da wasa, yaɗuwa riba ce. Masu fim na Kano kuwa sun ɗanɗana kuɗarsu: masu tura fina-finai a waya suna cikin abubuwan da suka karya kasuwar faifai, har masana'antar ta karkata ga shirye-shirye masu dogon zango a YouTube da talabijin.

Littattafan Hausa sun bi ta hannun masu ba da haya tun shekarun 1990, kwafi ɗaya ya zaga unguwa. Yau marubuta da yawa, akasarinsu mata, suna sayar da labaransu a zaurukan WhatsApp a kan ɗan kuɗi kaɗan, kuma sau da yawa kafin gari ya waye wata ta fitar da shafukan zuwa zaurukan kyauta. Makamin da ya rage musu shi ne wanda kowa ya sani: gargaɗi a saman shafi cewa duk wanda ya karanta bai biya ba, ba a yafe ba. Wannan jumla ta mai da maganar daga kotu zuwa haƙƙi tsakanin bawa da bawa, inda babu kamfanin da za a fake da girmansa.

Kammalawa

Tarihi ya nuna cewa sassaucin da ake yi wa satar littafi yana da tushe huɗu: darajar ilimi da ta sa yaɗa shi ya zama lada, al'adar aro da ɗakin karatu, tsada da rashin samuwar littattafai a inda ake buƙatarsu, da kuma yadda mawallafa suka makara wajen kawo hanyar halal mai sauƙi irin wadda waƙa da fim suka samu. Waɗannan dalilai suna da nauyi, amma ba su hau kowane littafi daidai ba. Ɗalibin likitanci da ya sauke littafin da farashinsa ya fi kuɗin abincinsa na wata biyu, kuma babu shi a ɗakin karatun makarantarsa, yana da uzurin da Dickens da kansa ya ji irinsa a 1842. Wanda ya karɓi labarin wata marubuciya ta Damagaram ko Kumasi a zauren kyauta, alhali kuɗinsa bai kai na katin waya ba, ba shi da wannan uzuri. Saboda haka ya kamata ɗalibi, kafin ya danna saukewa ko turawa, ya tambayi kansa abu uku: wa ya rubuta wannan, da me yake ci, kuma akwai hanyar biyansa da nake iyawa? Idan amsar ta uku e ce, to a biya.